Bushiyar Tessa

Sansanin ma'aikata, Shetland
Juma'a, 13 ga Yuni, 1980

Glenda,

Ina gaishe ki, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Na aika ta Cresslow, gidan Misis Bagshaw, tunda kin ce gobe Asabar za ki kama hanya. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar nan da ba ta shiri da sanyi. Tarin ya tafi.

Ban gane dalilin tafiyar ba, amma ba zan hana ki ba. Masaukin mutum uku muka kama tun Janairu, yanzu ke kaɗai za ki kwana a ciki. In kin ga zai yi miki amfani, ki je ki sha iska. Ki ɗauki rigar ruwa, yanayin Derbyshire ba a yarda da shi.

Nan dai yadda kika sani. Walda daga safe har yamma, bututu bayan bututu. A watan nan rana ba ta faɗuwa sosai, sai ta ɗan sunkuya ta sake miƙewa. Abinci dankali da niƙaƙƙen nama. Jiya dankali da niƙaƙƙen nama. Mai dafa mana ya ce gobe za a canza, za a yi niƙaƙƙen nama da dankali.

Ga maganar da ta sa na rubuto. Manaja ya kira ni ranar Laraba. Aikin nan zai ƙare a watan Agusta, kuma suna da wani a Abu Dabi. Shekara biyu ne, hutu sau ɗaya a shekara, ba a tafiya da iyali. Ya ba ni takardar, tana aljihun kwat ɗina. Ya ce in kawo ta da sa hannuna ranar Litinin 30 ga wata, in ba haka ba a ba wani. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce sai na ji daga bakin matata.

Na san abin da shekara biyu take nufi gare mu a halin da muke ciki, ke ma kin sani. Da na kira ki a waya, to amma kin ga yadda muke yi: mu riƙe kan waya muna sauraron numfashin juna har layi ya yanke. Shi ya sa na ce gara takarda.

Ki gaya mini abin da kike so.

Mijinki,
Malcolm

Cresslow, Derbyshire
Lahadi, 15 ga Yuni

Malcolm,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Na iso jiya da yamma, jirgin ƙasa biyu da bas ɗaya. Lafiyata lau. Ina ci, ina barci, duk abin da likita ya ce in yi ina yi.

Garin yana nan yadda yake a jikin katin da ke manne a firij ɗinmu. Gidajen dutse, furanni a kowace taga, kududdufi da agwagi, tumaki a kan tudu kamar da hannu aka jera su. Waɗanda muka sauka daga bas tare sai cewa suke a dubi kyau, a dubi kyau. Na duba. Kyan yana nan, ban musa ba. Na san da shi kamar yadda na san lambar takalmina, iyakarta ke nan.

Yanzu ga abin da na aikata, kuma kar ka yi mini faɗa, don ko ka yi ba zan ji ba.

Misis Bagshaw, mai masaukin, gajeriya ce mai jiki, hannunta duk garin fulawa. Tana buɗe ƙofa ta leƙa bayana, ta ce, "To, ina mutuniyar tawa? Ina Tessa?"

Ka tuna wasiƙar da Tessa ta rubuto musu a Janairu, tana roƙon a bar ta ta sa hannu a kwalliyar rijiyar bana, har ta haɗa da zanen bushiyar nan ta bayan gidanmu? Ashe an karanta ta a taron gari. Ni ban rubuto na sanar da su komai ba, kai ma ba ka rubuto ba.

Na buɗe baki in ce mata sanƙarau ya ɗauke Tessa a watan Maris, cikin kwana biyu, tana da shekara tara. Kalmomin a jere suke, na sha faɗarsu a gaban madubi. Abin da ya fito shi ne, "Suna tafe da babanta. Aiki ne ya riƙe shi."

Ta ce, "Maza ke nan. Shigo, 'yar nan, ruwan shayi na kan wuta." Ta jera kofi uku a kan tebur, ta mayar da biyu.

Yau bayan an taso daga coci ta ja ni rumbun ciyawa inda ake aikin. Katakon da ake kwalliyar a kansa ya kai faɗin ƙofar gareji, an kwantar da shi a kan benci, an shafe shi da laka mai kauri. A kanta za a danna fallayen fure da gansakuka da ɓawon ƙwai har hoto ya fito, ranar Asabar a kafa shi a bakin rijiya a yi addu'ar godiya don ruwa. Bana jirgin Nuhu ne. Mai zanen wani tsoho ne, Mista Fearn, shekara arba'in yana yi, kuma da ganin fuskarsa bai taɓa yafe wa kowa kuskure ba.

A kusurwar ƙasa ta hagu, ga bushiyar. Zanen Tessa ne sak, har da karkataccen hancin. An fitar da layinta a kan laka da baƙin ulu, cikin kuwa fili. A gefen katako an rubuta sunanta da fensir.

Mista Fearn ya ce, "Kowace dabba da abokin zamanta ta shiga jirgi, sai wannan gwauruwar. Na ce a ƙara mata ɗaya, matan nan suka ce in na taɓa zanen yarinya a cikin lakar za su binne ni."

Matan suka yi dariya, ni ma na motsa baki.

Dokarsu biyu ce. Inda aka rubuta sunan mutum, ba mai taɓa wurin sai shi. Sannan daga ƙasa ake fara jeri a yi sama, kowane falle ya hau kan na ƙasa da shi kamar rufin kwano, don ruwan sama ya zare. Ka ga ke nan ciyawar da ke saman bushiya ba za ta yiwu ba sai an gama bushiya. Kusurwar gaba ɗaya Tessa take jira. Sun rufe wurin da jiƙaƙƙen tsumma don kar laka ta bushe.

Gobe zan gaya musu. Ka gaida abokan aiki.

Glenda

Cresslow
Talata, 17 ga Yuni

Malcolm,

Ina fatan kana lafiya. Ni ma haka, sai ɗan ciwon baya na sunkuyo. Takardarka ta zo yau da safe, ashe mun yi saɓani a hanya.

Na karanta ta sau biyu. Dankali ya samu shiga sau uku, gwiwa ta samu, rigar ruwa ma ta samu. Sunan 'yarka bai samu ba. Ba ƙorafi nake ba, lura ce kawai na yi.

Maganar Abu Dabi, ka yi yadda ka ga ya fi. Na zauna a bakin gado da takardar a hannu ina jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina, ko tsoro ko fushi, don in san amsar da zan ba ka. Shiru. Kamar na ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka tashi. Ba zan ce maka zauna ba alhali ban san me za ka zauna ka tarar ba.

Ban gaya musu ba tukuna. Jiya na shirya, sai matar gidan waya ta tare ni da alewa a takarda ta ce in ajiye wa Tessa. Yau na shirya, sai limamin coci ya tsayar da kekensa ya ce yana so yarinyar ta riƙe kwandon fure a gaban jerin gwano. Na ce za ta ji daɗi. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, na sani, amma tawa a garin nan kullum sai ta ƙara reshe.

Sun ba ni aikin sararin sama. Shuɗin fure ake tsinkewa falle-falle, a ɗora a laka, a danna da tsinken ashana. Daga ƙarfe tara zuwa biyar nake yi. Ya dace da ni, ba ya bukatar mutum ya kasance a wurin, yatsu kawai yake so. Mista Fearn ya zo ya tsaya a kaina jiya, ya daɗe, ya ce, "Ba laifi." Matan suka ce in je in sa a rubuta mini a takarda, don matarsa ma har ta mutu ba ta samu haka ba.

Misis Bagshaw ta ce tana neman mai taya ta a shagon shayi har ƙarshen bazara, in ina so. Ban ce a'a ba. Gaskiya ba na ɗokin komawa gida Barrow. A nan in na wuce ƙofa, ƙofa ce kawai.

Abu ɗaya zan faɗa, tunda takarda ce ba baki ba. Ka san da me Tessa ta so ta yi ƙayar bushiyar. Duk hunturun nan ta sa mu cin tuffa tana tara ƙwayoyin ciki a gwangwanin tabarka. Kafin in taho na birkice gidan ina nemansa. Daga baya na tuna cewa washegarin jana'iza, kafin in tashi daga barcin maganin da aka ba ni, ka kwashe ɗakinta tas, har labule. Bayan sati uku ka koma Shetland. Na ɗauka gwangwanin ya bi sauran kayan zuwa bola. Ba komai. Na so dai ka san na nema.

Ka kula da gwiwar.

Glenda

Cresslow
Asabar, 21 ga Yuni

Malcolm,

Ina gaishe ka. Ban san ko kana lafiya ba, tunda takardu biyu na aika babu amsa, amma ina fatan haka. Ni ina nan.

Kullum da safe Misis Bagshaw takan ɗora wasiƙun baƙi a gefen faranti. Nawa gefen babu komai tun Talata. Shiru ma magana ce, na ji. Ina tsammanin ka riga ka sa hannu, kana neman yadda za ka faɗa. Kar ka wahalar da kanka, ni na ce ka yi yadda ka ga ya fi.

Na gaya musu. Ranar Alhamis ne. An gama jirgi, an gama giwaye, an gama sararin samana, saura kusurwar nan. Mista Fearn ya ɗaga tsumman ya taɓa lakar da babban yatsa, ya ce, "Gobe ne ƙarshe fa. Yarinyar nan jirgin ƙasa ta hau ko kunkuru?"

Na ce in sun zo zai gani. Na fita na koma masauki. Misis Bagshaw tana wanke kofuna, na ɗauki tawul ina gogewa. A kofi na huɗu na ce, "Tessa ba za ta zo ba. Ta rasu tun Maris."

Haka ya fito, kamar ina faɗin lokacin bas. Ba ta juyo ba. Ta ɗauraye kofin da ke hannunta ta miƙo mini, ta ce, "Na sani, 'yar nan. Tun Lahadi."

Na ce wa ya gaya mata.

Ta ce, "Bas shida ke tsayawa a ƙofar gidan nan kullum. Uwar da 'yarta ke tafe, ko ta san ba yau ba ne, sai ta ɗaga kai. Ke ko sau ɗaya."

Na ce to me ya sa ta bar ni ina ta zuba ƙarya a gari.

Ta ce, "Maganar taki ce, ba tawa ba. Ni abin da zan iya shi ne in jiƙa tsumma, shi nake yi safe da yamma."

Ita ta je rumbun ta faɗa musu, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Ba wanda ya rungume ni, na kuwa gode musu. Matar gidan waya ta fita waje ta daɗe. Mista Fearn ya cire hularsa, ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki, ya mayar. Ya ce, "Wannan maganar kunkurun, ki yafe." Sannan ya ce doka ba ta hana uwa ta tsaya wa 'yarta ba, ya turo mini kwanon busassun 'ya'yan itace irin waɗanda suka yi gashin biri da su.

Na zauna a gaban bushiyar duk yinin Juma'a da kwanon a cinya. Ban danna ko ɗaya ba. Ba kuka ne ya hana ni ba, kar ka zata. Kawai na san ba da su ta ce a yi ba. Da yamma Mista Fearn ya karya dokarsa ta shekara arba'in, ya sa aka jera ciyawa kewaye da wurin, aka bar cikin fili. Yana yi yana mita wai ruwa zai shiga ya ɓata masa kusurwa.

Yau da safe maza takwas suka ɗauki katakon suka kafa a bakin rijiya. 'Yan badujala suka busa, liman ya yi addu'a, wata yarinya mai jan gashi ta riƙe kwandon fure. Motocin 'yan yawon buɗe ido sun cika filin ƙwallo. Hoton ya yi kyau, kowa ya faɗa. A ƙasa ta hagu kuwa ga laka tsirara mai siffar bushiya. Wani mutum mai kyamara a wuya ya ce wa matarsa, "Dubi nan, lokaci ya ƙure musu." Ina tsaye kusa da shi. Na ce masa haka ne.

Katakon zai tsaya har Lahadi ta sama, daga nan a kankare lakar a mayar da shi kududdufi ya jiƙa. Bayan nan ban san inda zan nufa ba. In ka tashi tafiya ka bar mini adireshi wajen yayarka Doreen.

Glenda

Sansanin ma'aikata, Shetland
Asabar, 21 ga Yuni

Glenda,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya, bayan kuma ya saki. Ni lafiya. Hazo ya rufe mu tun Litinin, jirgin sama bai sauka ba sai yau da rana. Takardunki biyu tare suka zo. Ba shiru na yi miki ba.

Ta Talata na fara buɗewa, don ita ce a sama. Na ga "ka yi yadda ka ga ya fi", na ga shagon shayi, na ga ba kya ɗokin komawa gida. Na ce to, an sallame ni. Na ciro takardar Abu Dabi na cike sunana da ranar haihuwa, saura layin ƙasa. Sai na ce bari in karanta ɗayar tukuna. Da na kai wurin karkataccen hanci sai na ajiye biro na fita waje. Na zauna a kan bututu har aka busa komawa aiki.

Ga gwangwanin nan a cikin ƙunshin. Ban jefar ba. A aljihuna yake tun ranar, ya zo Shetland tare da ni.

Za ki ga ya fi yadda kika san shi nauyi. Kullum da rana ina cin tuffa ɗaya, in cire ƙwayoyin, in goge a hular walda, in shanya a taga, in zuba. Mutanen nan har sun sa mini suna Doki. Suna tsammanin don lafiya nake yi. Ban san yadda zan yi miki bayani ba. Ita ta ce kullum ɗaya, Baba, kuma ba ta ce in daina ba.

Ɗakin kuma. Kwana biyun da muka yi kafin jana'iza, ina kallonki kina tsayawa a ƙofarsa kamar an dasa ki, sai na zo na janye ki. Na ɗauka in babu kayan za ki iya wucewa. Dabarar mai walda ce, in abu ya tsage a yanke shi. Ko safa ɗaya ban zubar ba. Komai yana gidan Doreen a cikin akwatuna tara, na rubuta abin da ke cikin kowanne. Na yi ta jira ki tambaya, ke kuma ashe kina jira in faɗa. Na yi kuskure, kuma gudu na yi da na dawo nan, ba sai an gaya mini ba.

Kin ce ban rubuta sunanta ba. Gaskiya ne. In na fara harafin farko hannuna ba ya ƙarasawa. Tessa. Ga shi nan. Tessa.

Na san an riga an kafa katakon yau, na makara. Duk da haka ga yadda ta tsara, don ta maimaita mini ya fi sau ashirin. Daga wutsiya ake farawa a yi gaba. Tsinin ƙwayar ya kalli baya. Fuska da gashin tunkiya mai ruwan ƙasa, ido kuma masoro ɗaya, ta ce kar a sa biyu don a gefe bushiyar take tsaye.

Takardar tana nan, layin ƙasa babu komai. In ganin fuskata ne yake miki nauyi, tunda kowa ya ce idanuna ta ɗauko, ki faɗa a fili in sa hannu ranar 30, ba zan riƙe ki da komai ba. Amma "yadda ka ga ya fi" ba na gane shi. Ni sai an nuna mini inda ake so a haɗa.

Mijinki,
Malcolm

Cresslow
Talata, 24 ga Yuni

Malcolm,

Ina gaishe ka. Ina lafiya, gwiwoyina ne kawai suka kumbura, yanzu mun zama ɗaya. Akwai wata takarda tawa ta Asabar da za ta riga wannan isowa. Ka karanta in kana so, amma kar ka yi aiki da ƙarshenta.

Ƙunshin ya zo yau da safe. Misis Bagshaw ta ajiye shi a gefen faranti, ta girgiza shi kusa da kunne, ta ce, "Mijin naki tsakuwa ya aiko miki?" Na buɗe a gabanta. Warin tabarka ya fara fitowa. Na ƙasan sun yi baƙi sun ƙanƙance, su ne nata. Na saman jajaye ne masu ƙyalli.

Na karanta takardar a tsaye. Ka san abin da na ji? Haushi. Wata uku kana cin tuffa a ɓoye kamar ɓarawo, ni ina nan ina cewa mutumin nan dutse ne. Akwatuna tara, har da rubutu a jiki, kuma bakinka bai iya buɗewa ya ce suna gidan Doreen ba. Na ji kamar in jefa ka da butar shayi. Rabon da in ji wani abu tun Maris, sai ga shi abin da ya fara zuwa haushinka ne, kuma na yi maraba da shi.

Na kai wa Mista Fearn gwangwanin. Ya ce ba a taɓa katako bayan an kafa shi an yi masa addu'a, tun zamanin kakansa. Ya zuba ƙwayoyin a tafin hannu yana juyawa da yatsa. Ya ce, "Wa ya shanya waɗannan?" Na ce mijina. Ya ce, "Ya san aiki." Ya shiga gida ya fito da butar ban ruwa da buhun da zan durƙusa a kai. Ashe shi ma tun Asabar yake zagayowa da sassafe yana yayyafa wa wurin ruwa, wai don kar kusurwarsa ta tsage.

Na durƙusa a bakin rijiya daga ƙarfe goma har biyu, mutane na wucewa ta bayana suna ɗaukar hoto. Daga wutsiya na fara, tsini yana kallon baya. Nata na fara dannawa, da suka ƙare na shiga naka. Ba a gane inda aka haɗa sai an matso. Wata mata ta sunkuyo ta ce, "Kai, abin sha'awa, 'yarki ce ta zana?" Na ce e, sunanta Tessa, ta rasu a watan Maris. Matar ta rasa inda za ta sa kanta. Ni kuwa na ci gaba da dannawa. Ban yi kuka ba har yanzu, ban san ranar da zai zo ba.

Ga matsalar. Tessa a kan zanenta na takarda ta yi lissafi, shi kuwa Mista Fearn da ya tashi mayarwa a kan laka sai ya faɗaɗa shi. Ƙwayoyin sun ƙare a kafaɗa. Na yi fuska, na sa masoro ɗaya. Tsakanin kafaɗa da kunne akwai fili kamar tafin hannun yaro. Mista Fearn ya ce zai ci gaba da jiƙa shi har Asabar da yamma, daga nan ba ruwansa, ranar Lahadi za a kankare.

Ka ce a nuna maka inda ake so a haɗa. To, ga shi. Kar ka sa hannu. Idanunka suna yi mini nauyi, gaskiya ne, amma na gwada wata uku babu su, bai fi sauƙi ba. Ban yi maka alkawarin za ka tarar da matar da ka sani ba. Wadda ke nan ba ta da yawan magana, kuma tana jin haushinka.

Zan kwafi takardar nan sau biyu, ɗaya ta tafi yau ɗaya gobe, saboda hazonku. Ranar Alhamis kuma zan kira ofishin sansani in bar saƙo, ko da numfashi kawai za su ji.

Bas na ƙarshe daga garin Buxton yana isowa huɗu da minti goma. Na sayi tuffa jaka biyu a shagon gari, suna kan taga. Na ci uku yau, cikina ya ƙi karɓar ta huɗu. Ni kaɗai ba zan iya cinye su kafin Asabar ba.

Misis Bagshaw ta ce ɗazu da bas ɗin ƙarfe huɗu ya tsaya, ta ga na ɗaga kai. Na ce mata yau Talata ce, takardar ma ba ta bar gari ba. Ta ce ta sani.

Matarka,
Glenda